Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Aidin Narkewa a Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare da ke Unguwar Rogo, nan Jos. Ruwan aidin da muke gwajin sitaci da shi ya ƙare, sai na tarar da kwalbar ƙwayoyin aidin a kabad. Na zuba a ruwa na yi ta motsawa, amma suna nan kwance a ƙasa, ruwan ma da ƙyar ya sauya launi. Lalacewa ya yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Aidinki lafiyarsa ƙalau, halinsa ne haka. Lita guda ta ruwa ba ta narkar da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na giram ɗinsa, don haka ko kwana za ki yi kina motsawa ba zai tafi ba. Abin da ya rage miki shi ne fotasiyam ayodaid, wanda ake rubuta wa KI a jikin kwalba. Sake duba kabad ɗin, sau da yawa yana gefen aidin ɗin.

Shi wannan farin gishiri ne mai tsananin son ruwa: mililita 100 kan narkar da wajen giram 140. Idan ya narke yakan saki ayodaid, shi kuma ayodaid ya kama aidin su zama tarayodaid, wato I₃⁻, wanda ke zama cikin ruwa ba gardama. Launin ƙasa-ƙasa mai duhu da kika saba gani a kwalba nasa ne. Wani likitan Faransa, Jean Lugol, shi ya fito da wannan haɗi a 1829, shekara 18 bayan Bernard Courtois ya gano aidin a cikin tokar ciyawar teku a 1811. Har yau ruwan Lugol muke ce masa a ɗakin gwaji.

Ga yadda nake haɗa nawa, kuma a tsarin zubawar ne mutane suka fi tuntuɓe. Ki auna giram 10 na KI ki narkar a ruwa ɗan kaɗan, kamar mililita 20 na tataccen ruwa. Taɓa gindin kofin gilashin, za ki ji ya yi sanyi. Narkewar ce ke zuƙe zafi, ba matsala ba ce. A cikin wannan ruwa mai kauri za ki zuba giram 5 na aidin, ki motsa da sandar gilashi har ki ɗaga kofin wajen haske ki ga babu sauran ƙwaya ko ɗaya. Sai a sannan ki ƙara ruwa ya cika mililita 100. Idan kika cika ruwan tun farko, ayodaid ɗin ya tsinke, sai ki ɓata yini aidin bai gama narkewa ba.

Wannan ya yi wa gwajin sitaci ƙarfi. Ki ɗebi kashi ɗaya ki sirka da kashi tara na ruwa kafin ki miƙa wa ɗalibai, domin mai ƙarfin duhunsa yakan rufe shuɗin da kike so su gani. Ki yanka dankalin Turawa daga kasuwar Farin Gada, ki ɗiga a kai, nan take wurin zai koma shuɗi mai kama da baƙi. Ki ɗiga a ruwan sukari su ga bai sauya ba. Dalili shi ne wani sashe na sitaci, amilos, a naɗe yake da rami a tsakiya, aidin ya shige ramin ya jeru. Abin da na fi so yara su gani da idonsu shi ne wannan: a ɗumama ruwan sitacin da ya yi shuɗi, launin ya ɓace, a ajiye shi ya huce, shuɗin ya dawo. Da sanyin safiyar Jos ba ya ma daɗewa. Ɗalibin da ya ga wannan ba ya buƙatar hadda.

Ki zuba a kwalba mai launin ƙasa, mai murfin gilashi, nesa da taga. Murfin ƙarfe da na roba aidin na cin su. Kada ki ɗebi ƙwayoyin da hannu, kada ki sunkuya kan tururinsu, kuma ko da wasa kada amoniya ta haɗu da aidin, don abin da suke haifarwa fashewa yake yi. In ya ɓata miki riga ko tebur, ruwan sodiyam tayosalfet na goge shi tas. Idan kuma kika tarar garin KI ɗin ya yi rawaya, iska da laima da haske ne suka fara sakin aidin a cikinsa. Zai yi miki gwajin sitaci, amma ban yarda a yi awon da ke buƙatar lissafi da shi ba.

Mu a ɗakin gwajin asibiti kullum da ruwan aidin muke wuni. Rinin Gram, wanda Hans Christian Gram na ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a 1884 don rarrabe ƙwayoyin cuta, yana buƙatar haɗi mai laushi: giram 1 na aidin, 2 na KI, ruwa mililita 300. Haka ɗigo ɗaya a kan samfurin bayan gida yakan fito da ƙwansoshin amiba, ƙwayar cutar da ke kawo atuni, fili a madubin likita.

TAMBAYA: Baba, ɗalibi ne ni daga Bukuru. An ce gishirinmu akwai aidin. Me ya sa in an zuba shi a tuwo ba ya yin shuɗi?

AMSA: Madalla da wannan tunani, ɗana. Abin da ke cikin gishirin Najeriya fotasiyam ayodet ne, wani sinadari daban da KI mai ɗauke da aidin a ɗaure, ba sakakken aidin ba, kuma sakakken ne kaɗai ke rina sitaci. Tun 1993 doka ta wajabta sanya shi, an kuma zaɓi ayodet ne saboda ya fi ayodaid jure zafi da laimar kasuwanninmu. Ga shi ɗan mitsitsi ne, miligiram 50 na aidin a kilo guda lokacin da gishirin ke barin masana'anta.

Kana iya fito da shi. Zuba gishiri a farin faranti, ɗiga ruwan KI sabo marar launi, matsa lemon tsami, sannan ka ɗiga ruwan sitaci. Tsamin zai sa ayodet da ayodaid su saki aidin, gishirin ya yi shuɗi. In ya zauna fari, babu ayodet a cikinsa, ko ya yi ƙaranci ƙwarai. Wannan ya shafe mu sosai a Filato, domin ƙasar tuddai ruwan sama kan wanke aidin daga cikinta, shi ya sa maƙoƙo ya fi addabar irin waɗannan wurare. Ka faɗa wa mutanen gida su riƙa rufe gwangwanin gishiri, su kuma nisanta shi da murhu.

TAMBAYA: Malam, wuyana ya fara kumbura. Wata maƙwabciyata a Gangare ta ce in riƙa ɗiga ruwan Lugol a shayi. In yi?

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki yi. Babban mutum maikrogiram 150 na aidin yake buƙata a rana (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ɗigo ɗaya na Lugol mai ƙarfi kuwa ya ɗauki kusan ninki 40 na wannan. Ba kowane kumburin wuya ne rashin aidin ke kawowa ba. Akwai wanda ƙarin aidin ke tayar da shi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya rame. In da juna biyu, har jariri abin ke shafa. Likitoci kan bayar da shi, amma da awo kuma na 'yan kwanaki, misali kafin tiyatar maƙoƙo. Wanda ke ɗakin gwaji da na wanke rauni kuwa ba na sha ba ne sam. Ki je asibiti a taɓa wuyan, a ɗebi jini a auna sinadaran tayiroid, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo, in da hali a yi hoton wuyan. Allah ya ba ki lafiya.