Za mu kwana huɗu a otal a ƙurewar arewacin Sikotland, kuma maigida ya ce sai yara sun shiga teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Abadin (Aberdeen), wani birni a Sikotland. Maigida ya kama mana ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da ƙauyen Durness, kwana huɗu cikin watan Yuli, mu da yaranmu biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 6. Na duba taswira na ga wurin ba kowa sai tumaki da duwatsu. Hankalina bai kwanta ba: abinci, sabis ɗin waya, asibiti. Shi kuma ya dage sai ya koya wa yara iyo a can, wai a bakin Binuwai ya girma.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abubuwan da kika lissafa duk masu sauƙi ne. Wanda kika ambata a ƙarshe kamar da wasa, shi ne ya sa na gyara zama.

Bari mu sallami masu sauƙin. Irin waɗannan otal-otal na iyali ne, ɗakunansu kaɗan, kuma kicin yana rufewa da wuri. Ki kira su tun yanzu ki yi odar abincin dare, ki gaya musu ba ku cin naman alade kuma kada a sa giya a miya. Kifi ba ya yanke musu, shi za ku dogara da shi. Ki ɗauko yajinki da ɗan dambun nama. Ku cika tanki tun daga Inverness ko Lairg, domin daga nan hanyar takan koma layi ɗaya, mai ɗan filin kaucewa jefi-jefi. Ana tsayawa ne a hagu a ba mai zuwa hanya, ba wurin ajiye mota a ɗau hoto ba ne. Tazarar kusan mil 100 ce daga Inverness, amma ki ƙiyasta awa uku da yara a mota. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma shafaƙi ba ya gushewa sosai, don haka ki tambayi limaminku yadda za ku yi da Isha'i da Asuba kafin ku tashi. Ki nemi maganin shafawa saboda ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke fitowa da yamma idan iska ta kwanta.

To, batun teku.

Duk bazara sai na yi wannan gardamar da mutanenmu. Ana zuwa bakin ruwan Balnakeil da ke kusa da Durness, a ga farin yashi, ruwa shuɗi tas har ana hango ƙasa, rana ta fito, sai mutum ya ce ai wannan Zanzibar ce. Ga kuma 'yan TikTok da suke tsoma ƙafa na daƙiƙa goma suna murmushi, suna cewa wai igiyar ruwan ɗumi daga Amurka tana ɗumama gaɓar. E, tana zuwa, ita ta hana tekun daskarewa da hunturu. Amma ba ruwan wanka ta mayar da shi ba. A Yuli ruwan nan bai fi digiri 12 zuwa 13 ba, alhali duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya firgita jiki.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na yi miki karatu ba. Mutum na faɗawa ciki sai ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. Idan kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokacin, ruwa ya shaƙa. Numfashi ya riƙa fita da sauri ba ya iya riƙe shi, jijiyoyin fata su tsuke, hawan jini ya tashi. Wannan duk cikin minti na farko ne. Wanda ya tsallake shi, bayan kamar minti goma yatsu da hannuwa su fara ƙin bin umarni. Iya iyo ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hasali ma gwanin ya fi shiga haɗari, domin shi ne zai yi tsalle daga kan dutse ya nufi zurfi. Binuwai ta koya wa maigida yadda ake bin ruwa mai gudu, ban raina ba, amma ba ta taɓa nuna masa ruwan da ke ƙwace numfashi ba. Yaro kuma jikinsa ƙarami ne, ya fi saurin yin sanyi.

Na taɓa raka wasu ɗalibai can. Wani ɗan Jabba ya cire riga yana yi mana dariya, ya shiga har ƙirji. Ina kallo fuskarsa ta canja, baki a buɗe, ya kasa cewa komai sai "hah, hah". Taku biyar ne tsakaninsa da yashi, amma sai da muka jawo shi. Awa guda yana karkarwa a mota da hita a kunne, kofin shayi na zuba masa a cinya.

Kuma ba mai gadin bakin ruwa a wurin. Jiragen ruwan ceto mafi kusa suna Lochinver da Thurso, babban asibiti kuwa Raigmore ne a Inverness. Ga jan ruwa da ke fizgar mutum zuwa tsakiyar teku a inda ya fi kama da kwanciyar hankali.

Ba na ce ku hana yara taɓa ruwa ba. Su yi wasa iya gwiwa, babba na riƙe da hannu, ko ku saya musu rigar roba ta masu nutso. Kada a kawo katifar iska ko tayar roba, iska ɗaya za ta tafi da yaro. Ku koya musu tun a gida: wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya baza hannu da ƙafa har numfashi ya dawo, sannan ya yi ihu. Wanda ke kan tudu kada ya bi shi ciki, ya jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ya kira 999 ya ce a haɗa shi da Coastguard, wato masu aikin ceto a teku. Kiran yana bi ta kowane layi da ke da sabis a wurin, ko da naki ya ɗauke.

Koyon iyo kuwa, ki gaya wa Alhaji da lafazi mai daɗi cewa akwai wuraren ninkaya masu ruwan ɗumi a Abadin, a can za a fara.