Tambayi Likita: Abin da yarinta ke bari a jiki

Tambaya: Likita barka da aiki, shekarata 46, an gwada ni an ce ina da hawan jini da suga alhali ko ƙiba ba ni da ita, kuma mahaifiyata ta ce an haife ni ɗan mitsitsi lokacin da abinci ya yi wuya, shin akwai alaƙa?

Amsa: Akwai kam, Malam. Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba sau da yawa ƙodarsa ba ta ginu yadda ya kamata ba tun a ciki, jikinsa kuma ya saba da ƙaranci, to idan ya girma abinci ya wadata sai suga da hawan jini su samu hanya. An ga haka a Holan, yaran da iyayensu mata suka yi goyon cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945 sun fi fama da suga da ciwon zuciya da suka manyanta. Amma fa kar ka karaya, riƙe maganinka kullum, rage gishiri, a riƙa duba maka ƙoda.

Tambaya: Likita ɗiyata 'yar shekara 8 tana yawan ciwon makogwaro da zazzaɓi, ina ba ta farasitamol ya lafa, ya isa?

Amsa: Hajiya don Allah bai isa ba, wannan ita ce tambayar da ta fi tada min hankali. Wani ciwon makogwaron ƙwayar cuta ce ke kawo shi, idan ba a kashe ta da maganin da ya dace ba garkuwar jiki sai ta juya ta riƙa cin bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, a hankali, babu wanda zai sani sai yarinya ta zama mace ta ɗauki ciki, tana haki, ƙafa a kumbure, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi. Ki kai ta a duba makogwaron, in an rubuta fenisilin na kwana 10 ta shanye duka ko da ta warke a kwana 3.

Tambaya: Wai da gaske karatu yana kare mutum daga mantuwar tsufa?

Amsa: Yana rage haɗarin sosai, kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2020 ya saka ƙarancin karatu a yarinta cikin abubuwan da ke jawo ta.