An ce ɗana mai sikila ya fi 'yan uwansa haɗarin sanƙarau, me ya sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Yarana uku, na tsakiyan shekararsa 3 kuma yana da sikila, SS. A asibiti an ce min ya fi sauran haɗarin kamuwa da sanƙarau har aka ba shi wani magani wai ya riƙa sha kullum. Ni dai a sanina zafin gari ne ke kawo sanƙarau, kuma ɗaki ɗaya suke kwana, to shi me ya bambanta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Gaskiya suka faɗa miki.

Zafi shi kaɗai ba ya kawo sanƙarau, ƙwayar cuta ce take shiga jini ta haura zuwa fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin, meningococcus, kusan mutum 1 cikin 10 yana yawo da ita a maƙogwaro lafiyarsa ƙalau bai ma sani ba. Aikin rani kawai shi ne busasshiyar iska da ƙura su farfasa cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofa, shi ya sa annobar ta fi tashi a yankin da ya faro daga Senegal har Habasha, inda ta 1996 ta kashe wajen mutum 25,000.

To amma matsalar yaronki ba a hanci take ba, a saifa take. Saifa ce ke tace jini tana kama ƙwayoyin cuta masu wata irin riga mai santsi da garkuwar jiki ke wahalar damƙewa, wato pneumococcus da Hib da ita meningococcus ɗin, kuma su ukun nan su ne manyan masu kawo sanƙarau. A jikin mai SS, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe suna ta toshe ƙananan jijiyoyin saifar a hankali a hankali har ta tsuke ta daina aiki, sau da yawa tun kafin yaro ya kai shekara 5. Kin ga ƙwayar da yayansa zai shaƙa ta tsaya masa a mura, shi tana iya bazuwa a jininsa cikin 'yan awoyi, abin da muke kira sepsis, kuma wannan ni har ya fi sanƙarau ɗin ba ni tsoro don sauri gare shi. Maganin da aka ba shi ina kyautata zaton penicillin ne, safe da yamma ake sha aƙalla har ya cika shekara 5, don Allah kar ki tsayar don kin ga yana wasansa.

Ba masu sikila kaɗai ba ne fa. Akwai jarirai 'yan ƙasa da shekara 1, da wanda aka cire wa saifa, da masu HIV da ba sa shan magani, da mai ciwon kunne da ke zubar ruwa aka bar shi, da wanda ƙoƙon kansa ya taɓa tsagewa. Sai cunkoso, ɗakin kwanan ɗalibai, barikin soja, sansanin 'yan gudun hijira, ko aikin hajji ma ai don haka Saudiyya ta wajabta wa mahajjata allurar rigakafin sanƙarau. Hayaƙin sigari a cikin gida shi ma yana ƙarawa, mutane suna raina wannan.

Ki ɗauki katin rigakafinsa ki kai a duba miki ko ya samu allurar PCV (ta pneumococcus) da penta (mai ɗauke da ta Hib) cikakku da ta meningococcus, don guda ɗaya ba ta rufe duka.

Kuma kar ki jira sai wuya ya sandare, a ƙananan yara ba lallai ya fito ba. In zazzaɓinsa ya kai digiri 38 na Celsius a ma'aunin zafin jiki, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya son haske, ko amai, ko kika ga wasu ɗigo-ɗigo a fata waɗanda in kin danna da kofin gilashi ba sa ɓacewa, ki duba tafin hannu da tafin ƙafa don a nan aka fi gani a baƙar fata, to asibiti a take ko ƙarfe 2 na dare ne. Kina shiga ki ce musu yaron SS ne, kar a bar ku a layi.