Kuɗin naka ne, makullin kuwa yana aljihun ɗan kawunka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon kayan waya a Farm Centre, Kano. Ɗan kawuna da ya karanci kwamfuta ya kawo mini shawarar dillancin intanet: mu yi rajista da wani kamfani mai sayar da kayan sola, ya ba mu linki, duk wanda ya saya ta hannunmu a biya mu la'ada. Ya ce in muka biya Google ya ɗora tallarmu a saman shafin bincike, kuɗi za su riƙa shigowa ko muna barci. Cikin wata biyu na ba shi naira 250,000, la'adar da na gani ba ta kai 30,000 ba. Akawun ɗin tallar Google ɗin shi ya buɗe, lambar sirri da imel duk suna hannunsa. Yanzu ya ce an dakatar da akawun ɗin ba gaira ba dalili, wai in ƙara 150,000 mu buɗe sabo da sunan matata. In ƙara?

Amsa: Ƙanena, kada ka ƙara ko sisi, kuma ka bar sunan baiwar Allah a inda yake.

Na karanta saƙonka sau biyu ina neman wurin da ka ce "na gani da idona", sai na tarar kusan ko'ina "ya ce" ne. Ya ce kuɗi za su shigo, ya ce an dakatar, ya ce babu dalili. Nan ne ciwon yake. Kai da ba za ka bar yaron shagonka ya kwana da cinikin yini ɗaya ba sai kun zauna kun ƙirga, ka ɗauki rubu'in miliyan ka miƙa, ba ka riƙe lambar sirrin akawun ba, ba ka san imel ɗin da aka buɗe shi da shi ba. Ban ce ɗan kawunka ya ci kuɗinka ba. Mai yiwuwa kowace naira ta tafi wurin talla. Amma kai ba ka da hanyar sani, kuma zumunci ba zai bar ka ka tambaya ba.

Batun "ba gaira ba dalili" ma ban yarda da shi ba. Idan Google ya ƙi talla ko ya dakatar da akawun, yana rubuta sunan ƙa'idar da aka taka a cikin akawun ɗin, ya kuma aika saƙo. Saƙon yana nan, kai ne ba ka gani ba. Zan iya hasashen abin da ke ciki, don wannan labarin ya sha zuwa gabana. Ko dai ya saka linkin la'ada kai tsaye a tallar, adireshin da ake nuna wa mutane daban, inda ake jefa su daban, ko kuma ya haɗa shafi ɗaya tal: hoton batir, kalamai biyu da ya kwafo daga kamfanin, da ƙaton maɓalli mai cewa "saya yanzu". Irin wannan shafin Google yana kiransa gada, wato ba shi da aiki sai tsallakar da mutum zuwa shafin wani, kuma ƙa'idarsa ta hana tallata shi.

Ka kwatanta da dillalan kasuwarku. Akwai wanda zai tare baƙo a bakin ƙofa, ya nuna masa shago da baki, ya dawo da yamma neman la'ada. Akwai kuma wanda zai karɓi wayar ya duba allonta, ya gwada batir, ya faɗa wa mai saye gaskiyar kuɗinta. Na biyun ake nema. Shafin da za ka sauke mutane a kai dole ya ƙunshi abin da ba za su samu a wurin kamfanin ba: batir mai ƙarfi kaza awa nawa yake riƙe fanka da firji a zafin Afrilu, wace inbata ce ta dace da mai shago ɗaya, wacce ce ke yawan dawowa wurin gyara, wane ne kai, ina ake samunka, da bayani a fili cewa kana samun la'ada in an saya. Abin takaici, kai ne ka san irin waɗannan abubuwa, shi ɗan kawun naka bai sani ba, amma kai aka bari a waje.

Sannan akwai ƙa'ida ta biyu da na tabbata ba ka karanta ba, ta shi kamfanin da ke biyan la'ada. Da yawansu sun hana dillali ya sayi tallar da za ta fito in mutum ya nemi sunansu a Google, don ba su ga dalilin biyan ka a kan mutumin da dama su ya zo nema ba. Amazon, babban kamfanin nan mai sayar da kaya ta intanet, shi ma haka yake: cinikin da ya zo ta tallar bincike da aka saya da sunansa ba ya biyan la'adarsa, kuma wanda ya danna linkinka in bai saka kaya a kwandon sayayya na shafin cikin awa 24 ba, ka tashi a tutar babu. Ka nemo yarjejeniyar kamfaninku ka karanta da kanka. Ba mamaki wasu cinikayyar an yi su, an soke la'adar.

Mu ɗan taɓa lissafi, ko da a gurguje. Google gwanjon gurbin talla yake yi, kuma kana biya ne duk lokacin da aka danna tallarka, a saya ko kada a saya. Mu ce dannawa ɗaya naira 150, mutum ɗaya cikin 60 yake saye. Ka kashe 9,000 ke nan kafin ciniki ɗaya, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Idan kayan na 100,000 ne, la'ada kashi 5, ka samu 5,000. Waɗannan lambobi misali ne na ƙago, naka na gaskiya suna cikin akawun ɗin da ba ka taɓa buɗewa ba. Amma 250,000 da ba ta haifi ko 30,000 ba ta riga ta faɗa maka cewa tun kafin dakatarwar asara kuke tafkawa. Ni a ganina dakatarwar ce ma ta tsayar da zubar jinin. Wanda duk ya ce maka kuɗi za su shigo kana barci, ka tambaye shi me ya sa shi yake neman jarinka ido biyu.

Sabon akawun kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Buɗe wani bayan an dakatar da kai laifi ne mai zaman kansa a wurin Google, yana ɗaukarsa zagaye doka, kuma hukuncinsa ya fi na farko tsanani, ba gargaɗi. Yana haɗa akawun da akawun ta katin banki, imel da adireshin shafi. Wata hajiya a Kaduna ta taɓa zuwa wurina da irin wannan. Tana tallar shayin rage ƙiba na wani kamfani, ta rubuta cewa cikin sati biyu tumbi zai tafi, ba ta da izinin talla na NAFDAC, aka rufe ta. Ƙaninta ya buɗe mata wani da katin mijinta. Aka rufe sabon, aka haɗa da akawun ɗin da mijin ya shekara uku yana tallar shagonsa na kayan gini da shi. Maganar sai da ta kai gaban iyaye.

Abin da za ka yi a wannan satin kaɗan ne. Ka kira ɗan kawunka shago, cikin mutunci, ba a gaban yara ba, ku buɗe akawun ɗin tare. Ka karɓi lambar sirri, ka mayar da imel da katin biya naka. Ka rubuta abu huɗu a littafin shago: nawa aka kashe, dannawa nawa, ciniki nawa, la'ada nawa ta shigo kuma a wane asusu. Idan dakatarwar ta shafi shafin ne, a gyara shi tukuna sannan a ɗaukaka ƙara ta fom ɗin da Google ya tanadar, sau ɗaya, da bayani na gaskiya. In ya fara kame-kame wajen ba ka lambar sirrin, to ka samu amsar wata tambayar da ba ka yi mini ba.

Ita kuwa 150,000 ɗin, ka saro caja da fawabank ka zuba a shago. Ka turo mini lambobin nan huɗu da saƙon Google yadda yake, sai mu duba ko akwai abin da ya rage a ceta.