Adaka ta zamani: me ya sa maharba suka rabu biyu a kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan maharbi ne daga yankin Wurno, na tashi ina ganin mahaifina yana ɗura adakarsa ta baki. Kwanan nan na ga bidiyon Turawan Amurka da wata bindiga da ake ɗurawa ta baki, amma da madubin hangen nesa a kanta, suna ta gardama wai wannan ba farauta ba ce. Mene ne abin faɗa a ciki, kuma akwai abin da maharbanmu za su ƙaru da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gardamar nan ba za ta fahimtu ba sai an san dalilin da ya sa Ba'amurke yake riƙe irin wannan bindiga tun farko. Shi ba rashi ne ya sa shi ba. Jihohi da yawa a can sun ware wa masu bindigar ɗuri kwanakin farauta nasu na musamman, dabam da na masu bindigar harsashi. An ba su wannan gata ne saboda raunin makaminsu: harbi ɗaya tak, ba ya cin nisa, kuma in raɓa ta taɓa albarushi shi ke nan. Dole mutum ya iya sanɗa, ya san inda iska ta dosa, ya matso kusa da barewa kafin ya taɓa kunama.

A 1985 wani maƙerin bindiga mai suna Tony Knight ya fito da samfurin MK-85. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke wurin kama wuta daga gefen bututu ya mayar da shi baya, saitin albarushi kai tsaye, don haka wutar ba ta yin kwana kafin ta isa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka samu albarushin zamani irin Pyrodex da ake curawa dunƙule-dunƙule, ba sai an auna ba. Aka samu harsashi mai rigar roba, ƙarami amma mai gudu. Aka ɗora madubi. A 2020 kamfanin Federal ya kawo FireStick, inda albarushin ke rufe cikin kwanson roba da ake sakawa ta baya, harsashi kaɗai ake turawa ta baki. Bindigar da a da mai ita ke taka-tsantsan da harbin yadi 100, yanzu tana kayar da dabba a yadi 200 ba wahala.

Nan ne tsofaffin hannu suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu: an ba ka kwanaki na musamman don makaminka gurgu ne, ka warkar da gurguntar, kuma kana so ka ci gaba da cin gatan? Su kuma masu sabon samfuri suka ce harbi ɗaya dai ne har yanzu, kuma madubi yana sa a kashe dabba nan take maimakon a ji mata rauni ta je ta mutu a ƙurmi. Sun ƙara da cewa dattijon da idonsa ya fara rauni, madubin ne ke barinsa a daji. Hukumomi ma ba su yi baki ɗaya ba. Jihar Fensilbeniya tana da lokacin farauta bayan Kirsimeti wanda bindigar ƙyastu kaɗai aka yarda da ita, wato tsohuwar da dutse ke ƙyasta wa wuta. Kolorado ta hana madubi da harsashi mai rigar roba a kwanakin bindigar ɗuri. Niyu Meziko ta cire madubi daga 2023. Wasu jihohin kuwa sun bar kowa da abin da ya ga dama.

Ni a ganina, a maganar madubi tsofaffin sun fi gaskiya. Dabba tana da hanci da kunne da ƙafa, da su take kare kanta. In ka harbe ta daga inda ba za ta ji ƙanshinka ba, ka ƙwace mata duka ukun. Amma ba na tare da su idan suka ƙi duk wani sabon abu don kawai sabo ne. Ita kanta 'yar hular tagulla mai kunna wa albarushi wuta, da suke kira gargajiya, ai ta samo asali ne daga dabarar da wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi wa rajista a 1807, ita ce ta kori ƙyastu.

To mu dawo gida. Maharbin Wurno ko Gwadabawa ko Tureta ba ya riƙe adaka don sha'awar tarihi, ita ce abin da hannunsa ya kai. Cikin bututunta santsi ne, babu zanen murɗe da ke juya harsashi, don haka ko ka ɗaura mata madubi ba abin da zai ƙaru. Kuma dajinmu ba na Amurka ba ne, inda ake ƙirga dabbobi a kayyade wa kowa rabonsa. Tambayi duk wani Sarkin Baka yaushe rabon da ya ga barewa garke guda a fadamar Rima. Abin da ya rage mana zomo ne da zabon daji da fakara, sai gada jefi-jefi, ga manyan dazuka irin Gundumi da rashin tsaro ya raba mutane da su. Ƙara wa bindiga nisa a wannan hali ƙarasa ɗan abin da ya saura ne.

Abin da nake so maharbanmu su ɗauka shi ne na tsira da rai da yatsu. Na taɓa riƙe wata adaka da ta fashe, bututun ya tsage ya buɗe kamar an ɓare rake, mai ita kuma ya rasa yatsu biyu na hannun hagu. Ya farke harsashin bindigar zamani ne ya juye garin ciki, wai don ta ƙara ƙarfi. Wannan garin marar hayaƙi yana tashi da matsin da bututun maƙera ba zai taɓa ɗauka ba. Hatta mafi yawan bindigogin ɗuri na kamfani, an rubuta a jikinsu kada a kuskura a sa shi.

Ka gaya wa Baba, ko da yake na san ya riga ni sani, awo ɗaya ake riƙewa, ba a juye albarushi daga gora kai tsaye cikin bututu, don ƙwayar wuta na iya maƙalewa daga harbin baya. A yi wa sandar dannawa alama, yadda in aka zura ta za a gane ko akwai ɗuri a ciki, domin ɗuri kan ɗuri ya nakasa mutane da yawa. Harsashi ya zauna daram a kan albarushi, kada a bar sarari. In kuma ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa na aƙalla minti ɗaya, kada a leƙa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci adaka a rukunin bindigogin ɗuri, saboda haka a bi ta ofishin 'yan sanda a san matsayinta, musamman yanzu da ganin mutum da bindiga a hanya ke tayar da hankalin gari.