Amsa ga mai tambaya a kan Paraguwai

Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa wani dillali ya ce ka biya shi ya kai ka Paraguwai, wai takardar zama a can ba wuya, daga nan sai Amurka, kana son sanin yadda ƙasar take. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan zaƙin bakin aka ɗauke ni.

Da farko, Paraguwai ba hanyar Amurka ba ce. Tana can tsakiyar Kudancin Amurka, Barazil da Ajantina da Bolibiya sun kewaye ta, ba ta da teku ko taku ɗaya. 'Yan Nijar sun san ciwon nan, yadda kaya ke jira a Kwatano kafin su ga Maraɗi. Haka can ma, kwantena sai ta sauka a Montebidewo ta Urugwai ko Buwenos Aires ta Ajantina a ɗora ta a jirgin kogi, ko kuma ta zo a mota daga Paranaguwa ta Barazil. Ni nawa dillalin, ɗan garinmu ne fa, mun ci tuwo a kwano ɗaya a Sao Paulo, ce mini ya yi yana da mutum a tashar jiragen ruwa, in ba shi jarina ya saro wayoyi, sati biyu kaya sun iso. Na ba shi har da kuɗin da yayata ta sayar da sarƙarta ta aiko mini.

Na sauka tashar mota ta Asunsiyon, babban birnin ƙasar, a watan Janairu, lokacin da zafinsu ke kan ganiya, ya kan haura digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda kogin da ke gefen garin. Ya ce in jira shi a bakin ƙofa. Na kira, waya na shiga ba a ɗauka. Na sake kira, a kashe. Na zauna a kan jakata har aka kunna fitilu, duk wanda ya doso sai in miƙe ina zaton shi ne. Ban iya Sifaniyanci ba sai gaisuwa, mutanen kuma rabin maganarsu da Guwarani suke yi, harshen asalin ƙasar, wanda shi ma na hukuma ne, kuɗinsu ma sunansa ke nan. Na yi sallar magariba a bayan wani shago kan kwali ina kuka kamar yaro. Wata tsohuwa mai tallar burodin rogo da suke kira cipa ita ta lura da ni, ta miƙo mini kofin terere, ganyen shayinsu da ake zuba wa ruwan ƙanƙara a zuƙa da bututun ƙarfe. Shi kuwa mutumin, har yau in na ga hotonsa da babbar riga yana rabon kayan azumi sai zuciyata ta tafasa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Har saƙo ya turo wa mahaifiyata wai ni na gudu da kuɗinsa!

To, ƙasar kanta. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 6, kusan dukkansu a gabashin kogin Paraguwai suke. Yammacin, wato Cako, ya fi rabin ƙasar girma amma daji ne mai ƙaya da ƙishirwa, sai garken shanu. Arzikinsu waken soya ne da naman shanu da wutar lantarki, don madatsar Itaipu da suka haɗa da Barazil tana cikin mafiya girma a duniya, har sayar wa maƙwabta wuta suke yi. Amma kada ka ji haka ka ɗauka aiki na zube. Gonakin na manya ne, injina ke nomawa, talakansu ma Ajantina da Sifaniya suke tafiya ci-rani. Kai baƙo da ba ka da harshe, wa zai ɗauke ka?

Inda ɗan kasuwa zai iya motsi shi ne Siyudad del Este, a bakin iyakar Barazil. Gadar da ta haɗa birnin da garin Foz do Iguwasu na Barazil tun 1965 take, kullum cike da 'yan acaɓa da masu dakon kaya. Wayoyi, turare, kwamfuta, duk akwai, kuma manyan shagunan yawanci na Larabawan Labanan ne da 'yan Sin. Tun asuba ake buɗewa, kafin la'asar an fara ja ƙofofi. Alherin wurin gare mu shi ne masallatai da naman halal, can na samu wani Balarabe ya ba ni aikin ɗaukar kwalaye har na farfaɗo. Jabun kaya kuwa sun yi yawa, ka buɗe kwali a gabansu ka gwada kafin ka biya. Kwastan na Barazil kuma suna da iyakar kayan da za ka tsallaka da su ba haraji, in ka wuce su ƙwace.

Af, ka kula da abinci. Suna sa kitsen alade a wasu kayan gashinsu, cipa ɗin ma ka tambaya. Rogo dai za ka ci har ka gaji, shi ne a gefen kowane kwano. Ka nemi maganin sauro, zazzaɓin dengi na kama mutane da damina.

Mutanen ba su da hayaniya, amma suna da kishin ƙasa. Kada ka yi musu wasa da yaƙin 1864 zuwa 1870, da Barazil da Ajantina da Urugwai suka taru a kansu, mazan ƙasar suka kusa ƙarewa, har yau suna maganarsa kamar jiya aka yi.

Batun takarda, an canza dokar a 2022, yanzu in ba mai zuba babban jari ba ne kai, sai ka fara da izinin wucin gadi na shekara biyu kafin na dindindin. Duk wanda ya ce maka zai ba ka na dindindin nan take, tsohon labari yake sayar maka. Ofishin shige da fice kai da kanka za ka je da fasfo da takardar haihuwa da ta 'yan sanda, a fassara su zuwa Sifaniyanci. Kada fasfonka ya kwana a hannun kowa, kuma ka tambayi dillalin naka a wace unguwa shagonsa yake a Asunsiyon, ka kawo mana amsar nan mu ji.