Wai da gaske a South Shields aka ɗaura auren Muhammad Ali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya samu gurbin karatun aikin jirgin ruwa a wani gari da ake kira South Shields a Ingila, mu dai bamu taɓa jin sunan garin ba, Landan da Manchester kawai muka sani sai Newcastle saboda ƙwallo. Sai na ci karo da wani bidiyo a Facebook wai a masallacin garin aka ɗaura auren Muhammad Ali ɗan dambe. Dan Allah gaskiya ne? Kuma ban da shi akwai wasu sanannun mutane da suka fito daga can? Mahaifiyarmu hankalinta bai kwanta ba, tana ganin kamar ƙauye ne da ba musulmi ko ɗaya. Daga wani mai bibiya a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a karatun, ya sa a gama lafiya. Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, garin da ɗanta zai je yana cikin garuruwan da musulmi suka fi daɗewa a cikinsu a duk Birtaniya, kakannin wasu ma tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 suke can.

Maganar Ali tukuna. Bidiyon na gaske ne amma bayanin da aka liƙa masa ne ba daidai ba. Auren Muhammad Ali da Veronica Porché a Los Angeles aka yi shi a watan Yunin 1977, sai a watan Yuli ya zo yankin arewa maso gabashin Ingila, wani mai fentin gidaje ne mai son dambe ya tashi takanas har Amurka ya roƙe shi ya zo a tara wa ƙungiyoyin damben yara kuɗi, shi kuma ya amsa, ka san halin Ali. To a wannan zuwan ne ya je masallacin Al-Azhar da ke unguwar Laygate shi da amaryar da 'yarsu Hana tana jaririya, liman ya yi musu addu'a ya sa wa auren albarka. Kenan ba ɗaurin aure bane, sa albarka ce. A lokacin shi ke riƙe da kambun duniya tun bayan da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974, saboda haka garin ya cika ya batse, an zagaya da shi a buɗaɗɗiyar bas, kuma a makon ne ita ma Sarauniya Elizabeth ta zo garin don bikin cikarta shekara 25 kan mulki. Har yau tsofaffin garin in kana son hira ta yi daɗi ka tambaye su wa ya fi tara jama'a tsakanin su biyun.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne me ya kawo masallaci wannan ɗan garin tun farkon shekarun 1970, lokacin da masallatan da aka gina tun daga tushe a Birtaniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. South Shields yana daidai bakin da kogin Tyne ya faɗa teku, kamar rabin awa daga Newcastle a jirgin ƙasa na Metro, mutanensa wajen dubu 75. Da can kwal ake haƙa a loda a jirage, ana ƙera jiragen ruwa ana gyara su, kafin nan ma gishiri da gilashi suke yi. Ramin kwal na ƙarshe, Westoe, a 1993 aka rufe shi. To jirgin da ke aiki da tururi dole sai da mutanen da za su tsaya can ƙasa gaban wuta suna zuba kwal da shebur awa bayan awa cikin zafin da ba kowa ke iya jurewa ba, Turawa da yawa basa son aikin, su kuma Turawan Ingila sun riƙe tashar Adan ta Yaman tun 1839, sai suka riƙa ɗibar Yamanawa da Somaliyawa daga can. Daga wajajen 1890 suka fara zama a unguwar Holborn kusa da bakin kogi, ko wane mai hali ya buɗe gidan saukar baƙi, irin dai tsarin maigida da baƙinsa da muka sani a zango: shi zai ba ka ɗaki da abinci bashi, ya nemo maka jirgi, ya ajiye maka kuɗinka, in ka rasu ya yi maka sutura.

Zaman bai zo da sauƙi ba fa. Sun yi wa Birtaniya aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yawansu sun nitse tare da jiragen da Jamus ta harbe, amma ana gama yaƙi aiki ya yi ƙaranci sai aka ce su ne suka ƙwace guraben 'yan ƙasa, aka yi rikici a 1919. A 1930 kuma aka fito da wani tsarin rajista da layi wanda baƙaƙe da Larabawa kawai ya shafa, ranar 2 ga Agusta aka gwabza a Mill Dam gaban ofishin ɗaukar ma'aikatan jirgi, aka ɗaure wasu aka kora su gida. Duk da haka suka zauna, suka auri matan garin, da yawan matan suka musulunta duk da gorin da danginsu ke musu. Mutum ɗaya da ya kamata a riƙe sunansa shi ne Shehu Abdullahi Ali al-Hakimi, Bayamane ɗan ɗariƙar Alawiyya almajirin Shehu Ahmad al-Alawi na Mustaganim a Aljeriya, ya zo a 1936 ya kafa zawiya, ya buɗe karatun yara har da na matan nan Turawa da suka musulunta, daga baya ya koma Cardiff inda ya fitar da jaridar Larabci mai suna Al-Salam yana sukar mulkin Imamin Yaman. Jikokin waɗannan mutane su ne suka tarbi Ali a 1977. Ko mawaƙiyar nan Jade Thirlwall ta ƙungiyar Little Mix 'yar Laygate ce, kakanta na wajen uwa Bayamane ne.

Ni abin da ya fi burge ni ma ya girmi wannan da shekara kusan 1700. A kan tudun garin akwai kufan barikin Rumawa mai suna Arbeia, wanda rumbun abinci ne na sojojin da ke gadin ganuwar da sarkin Rum Hadrian ya gina, kuma a cikin rundunonin da suka zauna a wurin akwai ta masu tuƙa kwale-kwale daga kogin Dijla na Iraƙi, shi ya sa masana da dama ke fassara sunan da wurin Larabawa. A 1878 aka tono dutsen kabarin wata mata Regina, 'yar ƙasar ce daga kudancin Ingila, baiwa ce, wani mutumin Tadmur ta Siriya mai suna Barates ya 'yanta ta ya aure ta, ta rasu tana shekara 30. Ya sa aka sassaƙa ta zaune a kujera da akwatin kayan adonta da kwandon zarenta, aka yi rubutu da Latin kamar yadda aka saba, sai a ƙasa aka ƙara layi guda da harshensu na Tadmur: Regina 'yantacciyar Barates, kaico. Latin ɗin ma da kurakurai a ciki amma layin Tadmur ɗin tsaf yake, kaga alamar mai sassaƙar ma ɗan can ne. Kusa da shi akwai na wani saurayi Victor ɗan shekara 20 wanda aka rubuta ƙarara cewa mutumin arewacin Afirka ne. In ƙanenka ya samu sarari ranar Asabar ya leƙa.

Tunda aikin ruwa zai karanta, dole ya san William Wouldhave da Henry Greathead. A 1789 wani jirgi mai suna Adventure ya kafe a yashin bakin kogin, mutane na tsaye a gaɓa suna kallo ma'aikatansa na faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya ba mai iya shiga saboda igiyar ruwa. Abin ya dami manyan gari suka sa gasa, gini biyu ga duk wanda ya zana kwale-kwalen da zai iya shiga irin wannan ruwa ya dawo (gini kuɗin zinare ne, sunan daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma ya samo shi, can aka fara kwaso zinaren). Wouldhave ya kawo samfurin da in ya kife yake miƙewa da kansa, alƙalan suka ce rabin kuɗin za su ba shi, ya yi fushi ya ƙi karɓa. Aka ba Greathead kwangilar ƙerawa, kwale-kwalen ya shiga ruwa a 1790, majalisar dokoki ta ba shi fam 1,200, suna ya tafi gare shi, Wouldhave kuwa ya mutu da talauci. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan. Mutanen garin sun ɗan gyara laifin daga baya, hasumiyar tunawa da ke kusa da bakin teku sunan su biyun take ɗauke da shi.

Akwai kuma wanda a Ostireliya ya fi suna fiye da garinsu, John Simpson Kirkpatrick. An haife shi a 1892, yana yaro aikinsa jan jakunan da ke ɗaukar yara yawo a bakin teku, ya shiga aikin jirgi ya gudu a Ostireliya, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi ya shiga sojansu da sunan Simpson don kar a gane shi. Ranar 25 ga Afrilu 1915 suka sauka Gallipoli a ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya samu jaki ya riƙa ɗauko waɗanda aka harba a ƙafa daga kan tudu zuwa bakin ruwa cikin ruwan harsashi, har ranar 19 ga Mayu da aka harbe shi yana shekara 22. Kwana 24 kacal. An zuzuta yawan mutanen da ya ceta, masana tarihi na cewa lissafin ba zai yiwu ba a waɗannan kwanaki, amma jakin da mutumin gaskiya ne, gunkinsu na nan a Canberra babban birnin Ostireliya da kuma titin Ocean Road na South Shields.

Sauran bari in bi da sauri. Ridley Scott mai shirya finafinai a nan aka haife shi a 1937, shi ya yi Gladiator da Kingdom of Heaven wanda na san da yawanku kun kalla saboda Salahuddin. Catherine Cookson an haife ta a unguwar Tyne Dock ta garin a 1906, ba ta san mahaifinta ba, ta taso tana ɗaukar uwarta a matsayin yayarta, ta yi aikin wanki a gidan gajiyayyu, ta ƙare da rubuta littattafai kusan 100 da aka sayar da kwafi sama da miliyan 100, galibi kan talaucin da ta gani da idonta. 'Yan ƙwallo ga naku: Stan Mortensen ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na kofin FA a 1953 da Blackpool ta doke Bolton 4-3, amma har yau wasan da sunan abokin wasansa Stanley Matthews ake kiransa, wani Wouldhave ɗin kenan. David Miliband ba ɗan garin bane amma shi ya wakilce su a majalisa daga 2001 zuwa 2013, ya yi ministan harkokin waje, sannan ya tafi shugabancin ƙungiyar agaji ta IRC da mutanen Borno suka sani. Kuma tun 1832 mazaɓar bata taɓa zaɓen ɗan jam'iyyar Conservative ba.

Na bar wanda ya fi shafarku a ƙarshe. Makarantar da ƙanenka zai shiga, in dai makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta garin ce wadda take haɗe da South Tyneside College, da dukiyar wani likita ɗan garin Thomas Winterbottom aka kafa ta, an buɗe a 1861 shekara biyu bayan rasuwarsa. Wannan likita yana saurayi ya je Saliyo a 1792 ya yi kamar shekara huɗu, ya dawo ya wallafa littafi a 1803 kan mutanen ƙasar da magungunansu, a ciki ne ya bayyana ciwon barci, wanda yanzu muka san ƙudan tsando ke kawo shi, dangin sammoren shanu. Ya lura masu ciwon kaluluwa na fito musu a bayan wuya wajen ƙeya, ya kuma rubuta cewa dillalan bayi sun riga shi sanin haka, sukan shafa wuyan mutum in sun ji kumburin su ƙi saye. Har gobe ɗaliban likitanci a Zariya da Kano da sunansa suke haddace wannan alama, ka tambayi duk wanda ka sani a ajin ƙarshe zai gaya maka.

Ku dai haɗa masa da rigar sanyi mai kauri, iskar tekun nan ba irin hunturun Katsina bace.